Daga Asusun Yumɓu Zuwa Asusun Waya: Nazarin Sababbin Hanyoyin Ajiyar Kuɗi A Kongolam Ta Ƙasar Daura

1.0 Gabatarwa



Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi nazarin sababbin hanyoyin ajiyar kuɗi da sarrafa su ta wayar hannu da intanet, a ga irin amfanin da talaka zai samu a cikinsu, a kuma ga inda suka gaza. Mutumin da muke nufi a nan shi ne manomi da makiyayi da dillali da matar aure mai sana'ar cikin gida, watau wanda ɗan abin da ya tara a shekara shi ne jarinsa, shi ne kuma garkuwarsa ranar ciwo ko ranar yunwa. An zaɓi garin Kongolam ne domin a nan kuɗi iri biyu suke haɗuwa, naira da sefa. Saboda haka abin da kan ɓoye wa mutumin Kano ko na Zariya game da darajar ajiyarsa, mutumin Kongolam da idonsa yake ganinsa kowace safiya a gaban 'yan canji.

Za mu fara da bayanin garin da kuɗinsa, sa'an nan mu fito da ayyuka huɗu da Bahaushe ke nema ajiya ta yi masa tun kaka da kakanni, kana mu ɗora sababbin hanyoyin a kan wannan ma'auni. Abin da takardar za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, waya ta fi asusu da rami iya tsare adadin kuɗi, amma riƙe darajarsu ba ya hannunta.

2.0 Kongolam Da Kuɗinta Biyu

Kongolam, wanda wasu ke rubutawa Kwangwalam, gari ne a Ƙaramar Hukumar Mai'aduwa, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura. Sauran su ne Daura da Zango da Sandamu da Baure. A nan ne hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Kazaure da Daura take fita daga Nijeriya, ta shiga Jamhuriyar Nijar ta Ɗan Barto, ta nufi Matamaye da Damagaram. Iyakar kuwa Ingila da Faransa ne suka shata ta, musamman a yarjejeniyoyinsu na 1904 da 1906, suka raba mutanen da harshensu ɗaya, suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya. Har yanzu babbar kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa, wadda ke ci ranar Lahadi, da dabbobin arewacin iyaka take cika.

Kafin zuwan Turawa wuri ne kuɗin ƙasashen nan duka, ana ƙirga shi har zuwa keso, watau wuri 20,000. Da aka raba ƙasa sai kuɗi ma suka rabu. Kudancin iyaka ya koma fam da sule da kwabo, har zuwa 1 ga Janairu 1973 da aka fito da naira, fam 1 ya zama naira 2. Arewacin iyaka kuwa ya koma faranka, daga baya sefa, wadda aka ƙirƙiro a 1945. Ko harshe ma ya riƙe wannan rabuwa: a Daura idan an ce jaka ana nufin naira 200, watau tsohon fam 100, amma a Damagaram jika sefa 1,000 ce, dala kuwa sefa 5.

Bambancin da ya fi wannan muhimmanci ga mai ajiya shi ne na yadda ake tsayar da darajar kuɗin. An rage wa sefa rabin darajarta sau ɗaya a Janairun 1994, kuma tun daga 1999 aka ɗaure ta da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro 1. Naira kuwa, a Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa ita. Za mu komo kan sakamakon wannan a sashe na 5.3.

3.0 Ajiya A Gargajiyance

Bahaushe bai jira banki ba kafin ya san tanadi. Ga manyan hanyoyinsa a taƙaice:

(a) Asusu da rami. Asusu ɗan tulu ne na yumɓu mai tsaga ɗaya, ana jefa kuɗi ba a iya fitarwa sai an fasa, galibi gab da salla. Masu kuɗi da yawa kan zuba su a tukunya su bisne a ɗaka.

(b) Adashi. Mutane kan haɗu su riƙa zubi a kan lokaci, kowa ya kwasa idan layinsa ya zo, ƙarƙashin uwar adashi. Alal misali, mata 10 masu zubin naira 5,000 duk mako, kowace za ta kwashi naira 50,000 sau ɗaya a cikin mako 10.

(c) Kiwo da turka. A sayi tunkiya ko akuya ta yi ta haihuwa, ko a turke rago a sayar da babbar salla.

(d) Rumbu. A sayi gero ko dawa ko wake da kaka lokacin da suke araha, a ci ko a sayar da bazara ko tsakiyar damina.

(e) Kayan ɗaki da gwal. Waɗannan su ne rumbun mace, tana iya mayar da su kuɗi ranar da ta matsu.

(f) Biki da gudunmawa. Abin da mace ta kai wa ƙawarta ranar suna ko aure tamkar bashi ne, zai dawo mata ranar nata, sau da yawa har da ƙari.

(g) Ajiya a hannun amintacce, kamar attajirin unguwa ko maigidan da fatake ke sauka wurinsa.

Idan muka lura da waɗannan hanyoyi za mu ga ayyuka huɗu ake nema su yi. Na farko, su tsare dukiya daga ɓarawo da gobara da gara. Na biyu, su hana mai ita taɓa ta, su kuma ba shi uzurin da zai faɗa wa dangi masu roƙo. Na uku, su riƙe darajarta ko su haɓaka ta. Na huɗu, su ba da ita a daidai lokacin buƙata. Babu hanya ɗaya da ta haɗa huɗun duka. Rami ya iya ɓoyo amma ba ya haihuwa, tunkiya tana haihuwa amma tana mutuwa, adashi yana tilasta zubi amma ba ya zuwa ranar da ciwo ya zo. Dalilin da ya sa ke nan gida ɗaya za ka tarar da asusu da turke da rumbu, matar gidan kuma tana cikin adashi.

4.0 Shigowar Ajiyar Waya

An daɗe ana ƙoƙarin jawo talaka cikin banki. Tun zamanin Turawa akwai bankin ajiya na gidan waya, an kafa Bankin Arewa a 1959, Bankin Al'umma a 1989, sa'an nan bankunan unguwanni daga 1990. Sai dai banki gini ne, gini kuwa a birni yake zama, saboda haka mutumin ƙauyen bakin iyaka sai ya kashe yini da kuɗin mota kafin ya ajiye abin da bai taka kara ya karya ba.

Wayar hannu, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, ita ta sauya wannan lissafi. A 2007 kamfanin Safaricom ya fara M-Pesa a Kenya, ya nuna wa duniya cewa ana iya mayar da layin waya asusu, mai shago kuma ya tsaya a matsayin banki. A Nijeriya an fito da lambar BVN a 2014 domin tantance masu asusu. A 2018 Babban Banki ya tsara ƙa'idar da ta ba kamfanonin waya damar buɗe ƙananan bankunan biyan kuɗi, a 2022 kuwa MoMo na MTN da SmartCash na Airtel suka sami lasisi. Ranar 25 ga Oktoba 2021 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya ƙaddamar da eNaira, ko da yake ba ta sami karɓuwa sosai wurin jama'a ba.

Abin da shela da talla suka kasa yi, ƙarancin takardun kuɗi ya yi shi. A Oktoban 2022 Babban Banki ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin suka fara fita ranar 15 ga Disamba, aka sa 31 ga Janairu 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffin, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Sababbin ba su wadata ba, tsofaffin kuma an kwashe, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da amfani da tsofaffin. A waɗannan makonni wanda ya bisne kuɗinsa a tukunya ya kwana da fargabar za su zama takardun banza, mai sayar da dabba kuma dole ta sa ya koyi karɓar taransifa.

4.1 Ire-iren Kayan Aikin

Za mu iya karkasa su gida huɗu:

(a) Lambobin da ake dannawa a ƙaramar waya mai maɓallai, ba tare da intanet ba, a duba abin da ya rage ko a tura kuɗi.

(b) Asusun waya, irin su OPay da ya fara a 2018, da PalmPay da Kuda na 2019, da Moniepoint. Waɗannan sun dogara ne a kan masu POS da ke zaune a rumfunan kasuwa da bakin tasha, su ne ke mayar da takarda lamba, su mayar da lamba takarda.

(c) Manhajojin tanadi, irin su PiggyVest da ya fara a 2016 da Cowrywise na 2017, wanda ma daga wuri ya ari sunansa. Suna cirar wani adadi da kansu kullum ko duk mako, suna kulle kuɗi zuwa ranar da mai su ya zaɓa, suna kuma nuna lissafin shiga da fita.

(d) Manhajojin bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ na 2019, da Lotus na 2021.

A tsallaken iyaka kuwa kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza ne suka fi shahara, tare da Airtel Money da Moov Money.

Duk da haka kada a ɗauka kowa ya shiga. Binciken da ƙungiyar EFInA ta yi a 2023 ya nuna kashi 26 cikin 100 na manya a Nijeriya ba sa cikin kowace irin hulɗar kuɗi, ta banki ko ta gargajiya, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 47.

5.0 Ɗora Su A Kan Ma'auni

5.1 Tsaro

A nan waya ta yi wa hanyoyin gargajiya nisa. Gara ba ta cin lamba, gobara ba ta ƙone ta, wanda kuma ya sayar da sa a Mai'aduwa zai iya komawa gida ba damin kuɗi a aljihu. Idan wayar ta ɓata kuɗin na nan, domin a rumbun kamfanin suke. Bugu da ƙari, akwai hukumar inshorar kuɗin ajiya ta NDIC, wadda aka kafa a 1988. A 2024 ta ɗaga abin da take biya idan banki ya rushe zuwa naira 5,000,000 ga manyan bankuna, da naira 2,000,000 ga ƙananan bankuna da bankunan kamfanonin waya. An ga aikin wannan tsari bayan da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024. Adashi ba shi da irin wannan madogara. Idan uwar adashi ta ci amana, sai dai a kai ƙara wurin mai unguwa.

Amma ɓarawo ma ya sake salo. Na da katanga yake haurawa, na yau kira yake yi da murya mai daɗi, ya ce daga banki yake, ya nemi lambar sirri ko lambar da aka turo ta saƙo. Akwai kuma alat na ƙarya da ake nuna wa mai kaya. Babban rauninmu a nan shi ne yawancin manhajojin da Ingilishi suke magana, saboda haka dattijo ko matar kulle kan miƙa wa yaro ko mai POS kati da lambar sirri gaba ɗaya. Wanda ya san lambarka kuwa ya san inda ka bisne tukunyarka.

Haɗarin da ya fi wannan girma shi ne na masu zamba da ke shigar burtu da sunan jari. MMM ya daina biya a Disambar 2016, CBEX kuma ya rushe a Afrilun 2025, duka biyu da dukiyar dubban mutane. Dabararsu ɗaya ce: da kuɗin na baya ake biyan na gaba, ranar da sababbi suka daina shigowa sai a rufe. Dokar zuba jari ta 2025 ta haramta irin wannan a fili, amma doka ba ta mayar da abin da ya riga ya tafi. Alamar gane su ba ta da wuya, ita ce alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda tare da sharaɗin ka kawo wasu. Hausawa sun riga sun faɗa, kwaɗayi mabuɗin wahala.

5.2 Hana Kai

Ba banza ba ne Hausawa suka ari kalmar asusu suka raɗa wa ajiyar banki. Sai dai hikimar asusun yumɓu tana cikin wuyar fasa shi, asusun waya kuwa an gina shi ne domin sauƙin fitarwa. Kuɗin da ke aljihu dare da rana, ana iya sayen data da su ko a tura wa wani cikin daƙiƙa, ba su cika kwana ba. Masu manhajojin tanadi sun gane wannan, shi ya sa suka ƙirƙiro kullewa da tarar cirewa kafin lokaci, watau suka mayar wa asusu da yumɓunsa.

Abin da har yanzu ba su iya kwaikwaya ba shi ne idon jama'a. Matar da ke cikin adashi tana zubi ne domin kunyar 'yan'uwanta tara, ko da kuwa sai ta sayar da kaza. Manhaja idan ta nemi cira ta tarar babu, saƙo kawai za ta turo, saƙo kuwa ba ya sa kunya. A ɗaya ɓangaren waya ta fi adashi rufa asiri: duk unguwa ta san ranar da za ki kwashi adashi, masu bukata kuma sun shirya, amma abin da ke cikin waya ba mai ganinsa. Ga matan aure wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Abin da ya fi dacewa, kuma ya riga ya soma yaɗuwa, shi ne a bar adashi da mutanensa da uwarsa, zubi kawai a riƙa yi ta taransifa, ta haka kowane zubi ya bar shaida a rubuce.

5.3 Riƙe Daraja

Nan ne gizo ke saƙar. A Mayun 2023 dalar Amurka kusan naira 460 take a farashin gwamnati, a cikin 2024 kuwa ta haura naira 1,500. A wannan shekarar jikar sefa guda ta wuce naira 2,000. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuma ta ce a Disambar 2024 farashin kaya ya ɗara na Disambar 2023 da kashi 34.80 cikin 100.

Bari mu yi lissafi da wannan adadi. A ce mutum ya ajiye naira 100,000 a waya a ƙarshen 2023. Bayan shekara zai tarar da naira 100,000 cif, ko kwabo bai ɓata ba. Amma kayan da zai saya da su a da sun koma naira 134,800, watau kashi 74 cikin 100 kawai kuɗinsa za su iya saya, rubu'i ya tafi ba tare da ɓarawo ya shigo ba. A ce ma ya sa su inda aka ƙara masa kashi 15 cikin 100, ya karɓi naira 115,000. Har yanzu kashi 85 na kayan zai samu. Fuskar wayar za ta nuna masa ƙari, kasuwa kuwa ta nuna masa ragi.

Maƙwabcinsa da ya zuba naira 100,000 ɗin a gero ko a tumaki, dukiyarsa tare da farashi ta tashi, domin ita ce ma kayan da ke tsada. Wanda kuma ya mayar da su sefa kafin Yunin 2023, faɗuwar naira ba ta taɓa shi ba. Wannan ne ya sa mutumin bakin iyaka ba ya ruɗuwa da yawan sifili, kafin ya ce ya ci riba sai ya tambayi nawa jika take yau da kuma nawa ake auna tiya. Ba muna cewa kaya ba su da nasu haɗari ba: ƙwari na cin wake, annoba na kashe dabba, farashin hatsi kan faɗi bayan kaka mai albarka, sefa ma ta taɓa rasa rabinta a 1994. Abin lura dai shi ne, manhaja ma'aji ce, darajar abin da ke cikinta kuwa a hannun Babban Banki da kasuwa take.

5.4 Samu A Lokacin Buƙata

Kuɗin waya na buƙatar abu uku kafin su zama abinci ko magani: caji, da sabis, da mai POS mai takardun kuɗi a hannu. Kowane ɗaya na iya yankewa. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har na tsawon watanni. Abin bai shafi ƙasar Daura ba, amma ya isa darasi, domin duk mai kuɗi a waya a waɗancan wurare sai da ya yi tafiya kafin ya taɓa su. A farkon 2023 kuwa sabis na nan, kuɗin ma na nan a rubuce, takarda ce babu, har mutane suka riƙa sayen nairarsu da naira a hannun masu POS. Haka kuma tun Disambar 2023 Babban Banki ya wajabta haɗa ko da ƙaramin asusu da lambar BVN ko ta katin ɗan ƙasa, wanda bai yi ba ana iya tsayar da asusunsa. A wannan fanni akuyar da ke turke, wadda za a ja zuwa kasuwa ko a jinginar wa maƙwabci da tsakar dare, ba ta rasa matsayinta ba.

6.0 Inda Waya Ke Tsayawa A Shinge

Asusun naira ba ya biyan sefa, asusun sefa kuma ba ya karɓar naira. An ƙaddamar da tsarin PAPSS a Akara a Janairun 2022 domin ƙasashen Afirka su riƙa biyan juna da kuɗinsu, amma ƙasashe shida da aka fara gwajinsa a cikinsu su ne Nijeriya da Gana da Gambiya da Gini da Laberiya da Saliyo, babu Nijar. Siyasa ma ta sa hannu: Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, aka soma buɗe wasu a Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, har zuwa Maris 2024, a Janairun 2025 kuma ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata.

To, yaya ake yi? Tsohuwar amana ce ke cike gurbin. Bafataken da ya kawo dabbobi daga Damagaram, wanda ba shi da lambar BVN, cikin asusun dillalinsa ko maigidansa ake tura kuɗinsa. Daga nan a tura wa ɗan canji, shi kuma ya ba da sefa a hannu, ko ya sa abokin hulɗarsa na can ya biya ta ɗaya daga cikin kamfanonin aike. Lamba ta yi tafiya a kowace ƙasa, amma abin da ya ƙetare shingen shi ne maganar mutum biyu da suka yarda da juna. Wannan shi ne tsarin maigida da baƙonsa da Abner Cohen ya bayyana a 1969 game da fataucin shanu a Sabo ta Badun. Haɗarinsa a fili yake: a idon banki da na hukuma kuɗin na mai asusu ne, idan ya mutu ko ya musa, baƙo ba shi da takarda.

7.0 Riba, Zakka Da Gado

Al'ummar da muke magana a kanta Musulmi ce, saboda haka tambayar farko da ake yi wa kowace manhaja ita ce, ƙarin da take bayarwa mene ne asalinsa? Da yawa daga cikinsu kuɗin ruwa ne tsantsa, wasu kuma sun ba da damar a kashe shi. Bankunan da aka ambata a 4.1(d) suna aiki ne da ƙa'idar raba riba da asara. Haka nan tun 2017 Gwamnatin Tarayya take fitar da sukuk domin gina hanyoyi, na farko na naira biliyan 100, ana iya shiga da naira 10,000. Wajibi ne malaman fiƙihu su san waɗannan bambance-bambance dalla-dalla, domin su ake tambaya.

Dangane da zakka waya taimako ce, domin lissafinta yana nuna ranar da kuɗi suka cika nisabi da ranar da shekara ta kewayo, a fitar da ɗaya bisa arba'in. Dangane da gado kuwa matsala ce. Rufin asirin da muka yaba a 5.2 shi ne ke juyewa ya cuci marayu: shanu da rumbu kowa na ganinsu ranar rabo, amma asusun da mamaci bai faɗa wa kowa ba tare da shi ake bisne labarinsa. Bisa ƙa'idar Babban Banki ta 2024, kuɗin da suka shekara 10 ba a taɓa ba ana kwashe su zuwa wani asusu na musamman. Magada na da ikon nema, amma sai sun san akwai.

8.0 Shawarwari Da Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata muna ba da waɗannan shawarwari:

(a) Mai ajiya ya raba dukiyarsa bisa aikin da yake so ta yi: kuɗin juyawa da na ɗan gajeren lokaci a waya, ɗan abin gaggawa a hannu, tanadin shekara kuwa a cikin abin da ke tashi tare da farashi.

(b) Kafin a zuba kuɗi a kowace manhaja a tabbata tana da lasisin Babban Banki ko na hukumar kula da hannun jari, a kuma tambaya ko inshorar NDIC ta shafe ta.

(c) Kowane magidanci ya rubuta sunayen wuraren da yake da ajiya, ban da lambar sirri, ya damƙa wa amintacce, kamar yadda ake rubuta bashi.

(d) Wanda ke karɓar kuɗin baƙo a asusunsa ya ba shi shaida a rubuce, da boko ko da ajami, gaban mutum biyu.

(e) Sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu su ɗauki nauyin daidaita kalmomin wannan fanni, su kuma matsa wa kamfanoni su sa Hausa a manhajojinsu, a rubuce da kuma da murya, domin wanda bai iya karatu ba ya daina miƙa lambarsa ga wani.

A taƙaice, a cikin ayyuka huɗun nan waya ta ci na farko, ta kama rabin na biyu, na huɗu ya rataya a kan sabis da mai POS, na uku kuwa ya fi ƙarfinta. Saboda haka matsayinta a gidan mutumin Kongolam shi ne na ƙarin hanya kusa da turke da rumbu da adashi, kamar yadda kakanninsa ba su taɓa dogara da hanya ɗaya ba. Akwai buƙatar ɗalibanmu su shiga kasuwar Mai'aduwa da gidajen ƙauyukan bakin iyaka su ƙididdige yadda mutane ke raba dukiyarsu a tsakanin waɗannan hanyoyi, musamman mata. Ina fatar 'yan'uwa za su yi wa wannan takarda gyara da ƙari a lokacin tattaunawa.